Sun Nemi Katin Baƙi a Hannun Ɗana, Alhali Ɗan Ƙasa Ne

Abban Sadiƙ:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun daren jiya nake rubuta wannan saƙo ina gogewa. Yau dai na ce bari in fitar da shi, ko zuciyata ta ɗan yi sanyi.

Shekarata 19 a Japan. Waɗanda suka san ni sun san sana'ata, kayan gyaran mota nake saye ina lodawa zuwa gida. A tsawon wannan zama 'yan sanda sun tare ni ya fi a ƙirga: a tashar jirgin ƙasa, a bakin kanti, har a ƙofar gidana ina riƙe da ledar shara. Ban taɓa kawo kuka nan ba. In ciro katin zama in miƙa, su duba gaba su duba baya, su ce sumimasen, wato yi haƙuri, kowa ya kama gabansa.

Jiya kuwa Sadiƙ suka tare. Shekararsa 16. Yana dawowa daga atisayen ƙwallon kwando wajen ƙarfe takwas na dare, shi da abokansa biyu, kowa a kan kekensa. 'Yan sanda biyu suka tsayar da su, amma shi kaɗai aka ce ya sauko. Suka haska lambar rajistar da ke manne a jikin keken, suka kira ofis, aka ce da sunan mahaifiyarsa take. Da a nan aka tsaya da ban rubuto ba. Sai ɗayan ya ce ya kawo zairyu kado, wato katin zama na baƙi. Yaro ya ce shi ɗan Japan ne, ba shi da shi. Aka ce daga wace ƙasa ya zo? Ya faɗi sunan unguwarmu. Aka sake tambaya, a'a, asali fa? Daga nan aka ce ya buɗe jaka. Rigar wasa jiƙe da gumi, kwanon abincin rana, littafin lissafi. Abokansa na tsaye suna kallo, masu wucewa suna waiwaye. Da za su sake shi sai ɗayan ya yabe shi, wai ya iya Japananci sosai.

Yaron da aka haifa a nan, uwarsa 'yar Japan, Hausarsa ma ni nake fama da shi a kanta.

Ya shigo gida bai taɓa abinci ba. Can da dare ya same ni a falo ya ce, "Baba, kai kana da katin da kake nuna musu. Ni me zan nuna?" Wallahi na rasa amsa. Ita na kawo muku.

Alhaji Mai Kwantena:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ka haƙuri, Ya shirya mana zuri'a. Na riga ka zuwa ƙasar nan da shekara takwas, don haka ka bari in yi maka maganar manya. Baƙo raɓa ne. Ƙasar mutane muke, kuma ƙasa ce da matarka za ta fita ƙarfe biyu na dare ta dawo lafiya. Na yar da walat a jirgi da kuɗi a ciki, bayan kwana biyu na karɓo shi a koban, ƙaramin ofishin 'yan sanda na unguwa, ko yen ɗaya bai yi ciwon kai ba. Wannan tsaron da irin wannan tare-taren ake samunsa. Ba su zage shi ba, ba su taɓa shi ba, ba su nemi na goro ba. Ka ba shi katin makaranta ya riƙa yawo da shi, ka koya masa ya yi murmushi ya ba da haɗin kai. Minti biyar ne an wuce wurin.

Abban Sadiƙ:
Alhaji na gode, kuma ban musa alherin ƙasar ba, a cikinta na ci na sha na yi iyali. Amma minti ashirin suka riƙe shi, ba biyar ba. Sannan shi ba baƙo ba ne. Ni ne raɓar. Shi ina za shi?

Ɗan Damagaram:
Yaya Abban Sadiƙ, sannu da wannan. Ni ɗalibi ne, ba lauya ba, amma tun da aka tare ni sau uku a wata ɗaya na zauna na karanta abin, saboda haka bari in raba zare da abawa.

Dokoki biyu ne ake cakuɗawa. Ta farko dokar shige da fice. Kusan duk baƙon da ke zaune a nan, daga shekara 16 zuwa sama, wajibi ne katin zama ya kasance a jikinsa kullum. Wannan katin ya fara aiki a watan Yulin 2012, shi ya maye gurbin tsohon katin rajistar baƙi. In aka same ka babu shi, tara za ta iya kaiwa yen 200,000. In ɗan sanda a bakin aiki ya nema ka ƙi nunawa, abin ya fi haka nauyi, har ɗaurin da zai kai shekara ɗaya yana ciki. Ɗan yawon buɗe ido kuma fasfo zai riƙe. A nan babu gardama, kowa ya riƙe katinsa ko da shara zai fitar.

Ta biyu ita ce dokar aikin ɗan sanda ta 1948, sashe na 2, wadda ta ba su damar abin da suke kira shokumu shitsumon, wato tsayar da mutum a yi masa tambayoyi. Sai dai dokar ta sa sharaɗi. Sai in akwai dalili mai ma'ana, daga take-taken mutum ko yanayin wurin, da zai sa a yi zargin ya aikata laifi, ko yana shirin aikatawa, ko ya san wani abu game da laifin da aka yi. Launin fata ba ya cikin sharaɗin. Gashi ba ya ciki. Kuma a dokance abin na ganin dama ne, ba kamu ba ne.

Game da Sadiƙ kuwa, ɗan Japan ba shi da wajibcin yawo da kowace irin shaida. Babu dokar da ta ce ya riƙe kati. Abokan nan nasa biyu da aka bari a kan keke, matsayinsu ɗaya da shi a gaban doka, babu bambanci ko na ƙwayar zarra. Abin da ya raba su a daren jiya fuska ce kawai.

Garba Na Gida:
Ni daga nan gida nake bin zancen, kuma ku yi haƙuri, ina ganin daɗi ne ya yi muku yawa. Ɗan sanda ya tsayar da kai, ya ce ka yi haƙuri, ya mayar maka da katinka da hannu biyu, shi ne abin kuka? Ku zo ku bi hanyar Kano zuwa Legas ku ƙirga shingaye.

Maman Hanan:
Malam Garba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wahalar hanyar Legas gaskiya ce, mun bi ta. Amma ladabin mai tare ka ba ya goge dalilin da ya sa ya zaɓe ka daga cikin mutum ɗari. Kuma ka tuna abin da ya fusata matasa a 2020 kan SARS, ai har da tare yaro don an ga dada a kansa ko kwamfuta a jakarsa. Ciwon iri ɗaya ne, a nan dai babu duka.

A nan ma an yi na dada. A farkon 2021 wani bidiyo ya yaɗu daga babbar tashar jirgin ƙasa ta Tokiyo, inda ɗan sanda ya tare wani matashi ruwa biyu, ya kuma gaya masa a gaban kyamara cewa a iya saninsa masu irin wannan gashi sukan riƙe ƙwaya. Shi ma matashin ɗan ƙasa ne.

Sannan akwai abin da ba a cika faɗa wa sababbin zuwa ba, mu Musulmi ya kamata mu sani. A watan Oktoban 2010 wasu takardun 'yan sandan Tokiyo guda 114 suka fita a intanet. A ciki aka ga yadda ake bin diddigin Musulmi: sunaye, hotuna, wurin aiki, masallacin da mutum ke zuwa, har shagunan halal. Mutum 17 suka kai ƙara. A 2014 kotu ta ce a biya su kimanin yen miliyan 90 saboda an bari bayanansu sun fita, amma ta ce sa idon kansa bai saɓa wa tsarin mulki ba, wai ya zama dole don rigakafin ta'addanci. A 2016 kotun ƙoli ta yi watsi da ɗaukaka ƙararsu. Tun da na san wannan, duk ranar Juma'a in na ga mota a fake kusa da masallaci sai gabana ya faɗi, ko da ta mai kawo kaya ce.

Ni da hijabi nake fita. Sau biyu aka tare ni, ɗaya ina tura keken jariri. Hanan tana shekara huɗu lokacin, ta riƙe min zani tana tambaya ko mun yi laifi ne.

Ɗan Zangon Kumasi:
Hajiya, duk na ji. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Laifi tudu ne. Wanda ya taɓa bi ta unguwannin Roppongi ko Kabukicho na Tokiyo da dare ya ga 'yan Afirka a bakin titi suna jan mutane zuwa mashaya, wasu kuma an kama su da abin da ba shi da daɗin faɗa. Akwai waɗanda bizarsu ta ƙare suka ɓuya. Ɗan sandan da kullum irin waɗannan yake gani, me kuke so ya yi tunani in ya hango baƙar fata? Wake ɗaya ke ɓata gari. Mu fara gyara namu.

Maman Hanan:
To Sadiƙ ne ya tsaya a Roppongi? Yaro da kayan makaranta a kan keken uwarsa?

Ɗan Zangon Kumasi:
Ban ce shi ba ne, Hajiya. Cewa na yi akwai inda abin ya samo asali.

Ɗan Damagaram:
Yaya na Kumasi, in ɗan sanda ya ga mutum yana jan mutane da ƙarfi a bakin mashaya, ya tare shi, wannan aikinsa ne, dokar ma haka ta ce, don take-takensa ya gani. Matsalar tana farawa ne in ya ɗauki laifin wancan ya ɗora wa duk mai kama da shi. Japanawa ma suna aikata laifi kullum, amma ba a sauke kowane ɗan makaranta daga keke saboda su.

Kuma abin ba zato ba ne, an auna shi. A 2022 ƙungiyar lauyoyi ta Tokiyo ta tambayi mutum sama da 2,000 masu asali daga waje. Kashi 62.9 cikin ɗari suka ce an tare su a cikin shekara biyar da suka wuce. A cikin masu asalin Afirka da na Kudancin Amurka abin ya haura kashi 80. Kafin nan, a watan Disamban 2021, ofishin jakadancin Amurka da ke Tokiyo ya fito a Twitter ya gargaɗi 'yan ƙasarsa cewa yana samun rahotannin ana tare baƙi ana bincikarsu bisa zargin launin fata. Ba ƙaramin abu ba ne babbar ƙawar Japan ta faɗi haka a bainar jama'a. Bayan wannan ne hukumar 'yan sanda ta ƙasa ta duba kanta, a watan Nuwamban 2022 ta amsa cewa an yi abin da bai dace ba sau shida a shekarar 2021, a Tokiyo da Kanagawa da Osaka da Miyagi.

Shida. A zauren nan kaɗai in kowa ya ƙirga nasa na shekara ɗaya za mu wuce haka kafin a kai rabin mambobi. Ni abin da na fahimta shi ne, wanda bai kai koke a rubuce ba, a wurinsu abin bai faru ba.

Alhaji Mai Kwantena:
Ɗana na Damagaram, karatunka na da kyau, Allah Ya ƙara basira. Amma ina jin tsoron yara su karanta wannan su je suna yi wa ɗan sanda gardamar doka a titi. A ƙasar nan in aka kama ka ana iya riƙe ka har kwana 23 kafin a yanke shawarar gurfanar da kai. Kwana 23 ba ka zuwa aiki, kamfani ya sallame ka, lokacin sabunta biza ya zo. Na ga wanda hakan ta faru da shi, yau yana gida. Ba dokar da ta dawo masa da aikinsa.

Ɗan Damagaram:
Baba Alhaji, wannan gaskiya ne, kuma ban ce kowa ya yi faɗa ba. Ko hannun ɗan sanda ka ture, an samu laifin hana jami'i aikinsa, shi ke nan ka ba su abin da ba su da shi. Kada ka gudu, kada ka ɗaga murya, kada ka taɓa kowa. Ko batun jaka, duk da ana cewa sai da yardarka, kotun ƙoli tun 1978 ta bar musu ɗan sarari su duba in akwai zargi mai ƙarfi, kuma a aikace in ka ƙi sai su kira ƙarin mutane su kewaye ka har ka gaji.

Abin da nake yi ni mai sauƙi ne. Ina nuna katina nan take. Daga nan cikin ladabi in tambayi dalilin da ya sa aka tare ni. In aka ce a buɗe jaka sai in ce, nin'i desu ka, wato na ganin dama ne? In nemi ganin shaidar aikinsa in riƙe suna ko lamba. Da na bar wurin in rubuta rana da lokaci da wuri a wayata. Wanda aka kama kuma ya nemi toban bengoshi, lauyan da ƙungiyar lauyoyi ke turowa, zuwan farko kyauta ne, ya kuma ce a sanar da ofishin jakadancinsa.

Wani abu da ya shafe mu musamman: 'yar wuƙar aljihu. A gida ba komai ba ce, ta yankan farce ko ɓare lemo. A nan wuƙar da tsawon kaifinta ya wuce santimita 6 laifi ce in ba ka da dalilin aiki, ƙarama ma ana iya kama ka da ita a ƙarƙashin dokar ƙananan laifuka. Masu aikin yadin motoci ku duba aljihu da cikin mota kafin ku fita.

Malama Ta Nagoya:
Na daɗe ina karatu ban sa baki ba. Ina koyar da Turanci a nan, kuma a ajina akwai 'ya'yan 'yan Barazil da Filifin da aka haifa a ƙasar. Abin da Abban Sadiƙ ya faɗa kusan kowane namiji a cikinsu ya taɓa ba ni irinsa, suna faɗa kamar labarin ruwan sama, abin da aka saba. Wannan sabon shi ya fi tayar min da hankali.

Akwai waɗanda suka ƙi sabawa. Ranar 29 ga Janairun 2024 mutum uku suka shigar da ƙara a kotun gundumar Tokiyo, suna ƙarar gwamnatin ƙasa da ta Tokiyo da ta jihar Aichi, kowanne yana neman yen miliyan 3.3. Ɗaya baƙar fata ne ɗan Amurka mai izinin zama na dindindin. Ɗaya kuma haifaffen Pakistan ne da ya zo yana yaro, ya zama ɗan ƙasa tun yana ɗan makaranta, amma har ya girma ana tambayarsa katin baƙi. Labarinsa da na Sadiƙ kamar an tsaga kara. Lauyoyinsu sun gabatar da wata takardar horar da matasan 'yan sanda ta Aichi ta 2009, wadda suka ce tana koya wa jami'i ya ɗauka duk mai kama da baƙo da ba ya jin Japananci akwai laifin da yake ɓoyewa. In haka ake koyarwa, to ba halin ɗan sanda ɗaya ba ne, daga sama abin ya gangaro.

Baba Alhaji, da girmamawa, sauƙin da muke ciki yau ma wasu ne suka tsaya aka same shi. A shekarun 1980 'yan Koriya haifaffun Japan ne suka riƙa ƙin dangwala yatsa a wurin rajistar baƙi, aka kai wasunsu kotu, suka jure. Sai a shekarar 2000 aka soke dangwalen gaba ɗaya, duk da an dawo da shi a filayen jirgin sama a 2007 da sunan tsaro. Yau jikokinsu masu izinin zama na musamman ba dole ba ne su yi yawo da katinsu kullum. Da shiru suka yi da ba a canza komai ba.

Alhaji Mai Kwantena:
Malama, su kakanninsu a nan aka binne su, suna da yawa, suna da lauyoyi da ƙungiyoyi. Mu nawa ne? 'Yan Najeriya da Ghana gaba ɗaya 'yan dubbai ne, Hausawa kuwa a ɗaki ɗaya za mu yi sallar Idi. Kuma kun ga yadda iska ke kaɗawa. A zaɓen majalisar dattawa na Yulin 2025 jam'iyyar Sanseito mai cewa Japanawa tukuna ta ci kujeru 14. Wata ɗaya bayan nan aka yi rikicin garin Kisarazu, da JICA, hukumar Japan mai tallafa wa ƙasashen waje, ta haɗa garin da Najeriya don zumunci, garin Sanjo kuma da Ghana. Aka yaɗa cewa biza ta musamman za a ba mu mu cika garin, mutane suka yi ta kiran ofishin gari suna faɗa, har aka janye shirin a watan Satumba. A irin wannan lokaci ne za mu ɗaga kai?

Malama Ta Nagoya:
A irin wannan lokacin ne yaranmu suka fi buƙatar su ga mun tsaya musu, Baba. Baƙi mazauna ƙasar sun haura miliyan 3.7 a ƙarshen 2024, kusan kashi 3 cikin ɗari na jama'a, kuma gwamnati da kanta ke kiran ma'aikata saboda tsofaffi sun yi yawa, haihuwa ta ragu. Japan ta sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaƙi da wariyar launin fata tun 1995, amma har yau babu cikakkiyar dokar da ta haramta wariyar. Dokar kalaman ƙiyayya ta 2016 ba ta da hukunci a cikinta. Ƙasar da take tafa wa ɗan ƙwallon kwando Rui Hachimura, ɗan mutumin Jamhuriyar Benin, wanda ya riƙe mata tuta a bikin buɗe gasar Olamfik ta Tokiyo, take tafa wa Abdul Hakim Sani Brown, ɗan mutumin Ghana, in yana gudu da rigarta, ita ce ke sauke ƙannensu daga keke. Na san Japanawa da yawa da wannan ke ba su kunya, lauyoyin da ke wancan shari'a ma Japanawa ne.

Garba Na Gida:
To in abin ya kai haka ku dawo da yaran gida mana. Ƙasarku tana nan.

Abban Sadiƙ:
Malam Garba, na kai shi Kano sau biyu. A Kurmi yara suka bi shi suna kiran ɗan Chana. Ya yi dariya a lokacin, amma na ga idonsa. Can ɗan Chana, nan gaijin, wato baƙo. Kada ka ɗauka ban yi wannan tunanin ba.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a yi hattara da harshe, akwai matasa a zauren nan da suke karantawa. Malam Garba, maganar a dawo gida ba ta amsa tambayar da aka yi ba. Na goge saƙonni biyu da suka zagi Japanawa baki ɗaya. Matar Abban Sadiƙ 'yar Japan ce, surukarmu ce, kuma abin da muke kuka a kansa ke nan, a yi wa al'umma kuɗin goro.

Ɗan Zangon Kumasi:
Na sake karanta saƙon farko. Maganar "ni me zan nuna" ta hana ni sakat, don ni ma ina da 'ya mai shekara tara, uwarta 'yar nan. Ban janye cewa mu gyara namu ba, amma na yarda ba Sadiƙ ne zai biya bashin Roppongi ba. Abban Sadiƙ ka yafe ni in na fama maka ciwo.

Abban Sadiƙ:
Babu komai ɗan'uwa, Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

Maman Hanan:
Shawarata, kada ku bar shi ya haɗiye abin shi kaɗai. Yaran nan sun ɗauki halin mutanen ƙasar na gaman, a danne a yi shiru. Mahaifiyarsa ta gaya wa malamin ajinsu, don makaranta ta san ana tare ɗalibinta a hanyar gida. Sannan ku je babban ofishin 'yan sandan yankinku, ba koban ba, ku shigar da koke a rubuce. Ana iya aika shi ga kwamitin kula da tsaron jama'a na jiha, su ne ke sa ido a kan 'yan sanda. Ma'aikatar shari'a ma tana da layin ba da shawara kan haƙƙin ɗan Adam ga baƙi, akwai masu fassara. Ita ta yi maganar, kai ka zauna a gefenta. Abin takaici ne, amma sun fi sauraron nasu.

Alhaji Mai Kwantena:
In a rubuce ne cikin ladabi, ba a titi ba, ban hana ba. In kuna son dattijo ya raka ku, ku kira ni, ranar Laraba ba ni da lodi. Amma katin makarantar nan dai ya riƙe shi, don Allah.

Abban Sadiƙ:
Salam. Na dawo in ba ku bayani, tunda kun ɗauki abin kamar naku.

Mun je jiya, ni da mahaifiyarsa da Alhaji, Allah Ya saka masa da alheri, tun ƙarfe tara yana ƙofar gidana da babbar riga. Wani jami'i mai furfura ya karɓe mu a wani ƙaramin ɗaki, ya saurara har ƙarshe yana rubutu. Ya ce ana yawan satar kekuna a yankin. Matata ta ce keke uku ne a wurin, me ya sa ɗaya aka duba, kuma da aka tabbatar keken nata ne me ya kawo maganar kati da jaka? Ya yi shiru, sannan ya sunkuyar da kai ya ce suna ba da haƙuri in ran yaron ya ɓaci. Bai ce an yi kuskure ba. Mun bar takardar koken, mun karɓi shaidar sun karɓa.

A mota Alhaji ya kawo shawarar a yi wa Sadiƙ kwafin koseki, rajistar iyali, ya riƙa sawa a jaka. Mahaifiyarsa ta ce a'a. Ta ce ita shekararta 44 ba ta taɓa yawo da takardar da ke nuna ita 'yar Japan ce ba, ɗan da ta haifa ma ba zai yi ba. A kan katin makaranta muka tsaya, tunda dama kowane ɗalibi yana da shi.

Ɗaya daga cikin abokan nan biyu ya zo gida da mahaifinsa, suka ce in ana neman shaida za su rubuta abin da yaron ya gani. Ban zaci haka ba, har na rasa yadda zan gode musu.

Ɗan Damagaram, ka turo min jimlolin nan ta akwatin sirri yadda ake faɗarsu daidai, Sadiƙ ya ce shi zai gyara min lafazi. Ya koma atisaye yau. Na leƙa ta taga da safe na ga bai bi ta babban titi ba, ya zagaya ta bayan makarantar firamare, hanyar da ta fi tsawo da kusan minti goma. Ban ce masa komai ba tukuna.